Daga Wuri Zuwa Naira: Kuɗin da Suka Ratsa Hannun Mutanen Zandam



Akwai wani tuntuɓe da ke yawan fitowa a labaran da ake rubutawa na zamanin da, kuma ba kowa ke lura da shi ba. Za ka ga marubuci ya tsara fada tsaf, ya sa wa sarki alkyabba, ya jera dogarai, ya kawo fatake da jakunansu, amma da an zo wajen ciniki sai attajiri ya zaro naira hamsin ya miƙa. Ko kuwa labarin 1965 ne, sadakin amarya kuma naira dubu. Duk wanda ya san tarihi, da ya zo nan labarin ya fita daga ransa, domin naira ba ta zo duniya ba sai ranar 1 ga Janairu, 1973. Shi ya sa makalar wannan mako za ta bi sawun kuɗin ƙasar nan. Zan riƙa leƙo su daga yankinmu na Zandam da Gwaram da Birnin Kudu, saboda yadda kuɗi ke isa ƙauye daban yake da yadda suke yawo a birni.

Mu fara da kalmar kanta. Kuɗi jam'i ne, tilonsa wuri. Shi ya sa har gobe muke cewa "kuɗin sun ƙare," kuma idan aka biya lakadan a ce wuri na gugar wuri. Shi wurin nan ƙwanson wata 'yar halittar teku ce, mafi yawansa kuma daga tsibiran Maldibs na tekun Indiya aka riƙa kwaso shi. Wato kakanninmu da ba su taɓa ganin teku ba, da abin teku suke sayen gishiri. Ibn Batuta ya ga ana ciniki da wuri a Mali da Gawo a wajejen 1352. A nan ƙasarmu kuwa, littafin Tarihin Kano ya nuna a zamanin Sarki Muhammadu Sharefa, wanda ya yi sarauta daga 1703 zuwa 1731, wuri ya shigo. Kafin nan, har ma bayan nan, ana musayar kaya da kaya, ana auna zinariya da miskali, a Borno kuma da ƙyallen saƙi da ake kira gabaga ake saye da sayarwa.

Wuri yana da nasa lissafi, kuma a nan ne marubuci zai sami kalmomin da za su sa labarinsa ya yi ƙamshin zamaninsa. Wuri 20 hauya ke nan. Wuri 100 zangu. Dubu kuwa zambar, shi ya sa a tsofaffin labarai za ka ji an yi wa maroƙi kyautar zambar goma. Wuri 20,000 da aka zuba a jakar tabarma aka ɗinke, shi ne keso, kuma keso guda kayan ƙato ɗaya ne. A bakin teku ana shirya wuri a zare, amma a ƙasar Hausa a warwatse yake, sai an zube shi a ƙasa an riƙa ja biyar-biyar da yatsu. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya ga yadda aka zauna ƙirga wuri 500,000 a Tasawa a farkon 1851, aikin da sai da aka tara mutane. Saboda haka idan attajirinka na ƙarni na 19 zai biya babban bashi, kada ka sa shi ya sa hannu a aljihu. Shimfiɗa masa tabarma, ka kira masu ƙirga, ka bar rana ta yi nisa.

Barth ya iso Kano a 1851, ya tarar ana canza liyari guda a kan wuri 2,500. Liyari ita ce azurfar nan mai hoton Sarauniya Mariya Tariza ta Ostiriya, wadda kowace aka ɗauka 1780 ne a jikinta, ko da an buga ta shekaru da yawa bayan haka. Ya kuma rubuta cewa kuɗin ƙasa da kowane magidanci ke biya wuri 2,500 ne a shekara. To, mu ɗauko wannan lissafi mu kawo shi gida. A wancan lokaci Birnin Kudu da Gwaram ƙasar Kano ce, hakimai a birni suke zaune, jakadunsu ke fitowa karɓar haraji. A ce gari yana da magidanta 80. Harajinsu ya kama wuri 200,000, wato keso goma, wato mutum goma ko jerin jakuna, su yi tafiyar kwanaki kafin su ga badalar Kano. Kuma wannan hanya ta kudu ba ta kwanciyar hankali ba ce, domin a rabin ƙarshe na ƙarnin Ningawa sun sha kawo hari wannan yanki.

Nauyin nan shi ne babban aibin wuri, ya kuma ƙara muni da darajarsa ta karye. Daga tsakiyar ƙarni na 19 'yan kasuwar Jamus suka fara jibgo wani wuri mai araha daga wajen Zanzibar zuwa gaɓar Afirka ta Yamma. Abu ya yi yawa, sai ya yi arha. Kafin ƙarshen ƙarnin liyari ta kai wajen wuri 5,000 a Kano. Wani Bature, Charles Robinson, da ya zo Kano a tsakiyar shekarun 1890, ya ba da labarin dokinsu da ya kasa, suka rasa yadda za su sayar da shi, domin kuɗinsa sai an ɗauki 'yan dako goma sha biyar, ladan dakon kuma zai cinye kuɗin a hanya. Duk mai kukan faɗuwar naira a yau ya sani kakanninsa ma sun ɗanɗana irinta.

To da me ake biyan manyan kuɗi? Da riguna, da dawaki, da liyari, da kuma bayi. Wannan na ƙarshe ba ya da daɗin faɗa, amma haka yake. Bawa dukiya ce mai tafiya da ƙafarta, har ta ɗauki kaya, don haka falke ko basarake kan tafi da bayi ya riƙa sayarwa a hanya yana biyan buƙata. Na lura marubutanmu kan yi tsalle su wuce wannan waje, su nuna zamanin da kamar babu abin da ke cikinsa sai kilisa da algaita. A ganina wannan rage wa labari ƙarfi ne. Yarinyar da aka kama a wani ƙauyen kudancin Kano, aka biya bashin doki da ita, ta isa a rubuta mata littafi guda.

Turawa sun ci Kano a watan Fabrairu 1903. A 1904 aka hana shigo da sabon wuri. Amma ba doka ce ta kashe shi ba, haraji ne. Da aka ce sai da kuɗin Bature za a biya, dole manomi ya nemi abin da zai sayar wa mai kuɗin Bature. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a 1912, daga nan kuɗin ƙarfe suka fara gangarowa ƙauyuka ta hannun 'yan baranda da masu awo. Duk da haka wuri bai ɓace dare ɗaya ba. Ya daɗe a hannun mata masu sayar da daddawa da ƙuli-ƙuli, domin ƙaramin ciniki yana son ƙaramin kuɗi. Da ya bar kasuwa kuma sai ya koma ado, ya koma jikin kayan 'yan bori da na 'yan tauri da faifan masu duba.

A 1912 aka kafa hukumar kuɗi guda ga Nijeriya da Gwalkwas, wato Gana ta yau, da Saliyo da Gambiya. Ta fitar da sulallanta a 1913, takardun kuɗi kuma a 1916. Tun kafin ita, daga 1907, an riga an fara buga ƙananan kuɗin nan masu huda a tsakiya da tauraro da rubutun Larabci. Ga yadda Bahaushe ya raɗa musu suna. Anini shi ne ɗaya bisa goma na kwabo. Ɗari rabin kwabo. Ahu kwabo ɗaya da rabi. Taro kwabo uku, sisi kwabo shida, nai kwabo tara, sule kwabo goma sha biyu. Sule biyu dala ce, wasu su ce fataka. Sule ashirin fam guda. Fam ɗari kuma jaka, saboda a jaka ake ƙulla sulallan.

Ku dubi ɗari da kyau. Me ya sa rabin kwabo zai zama ɗari? Saboda wuri ɗari ake ba da shi. Idan haka ne kwabo wuri 200 ke nan, anini kuma wuri 20, wato hauya guda cif. Tsohon lissafi ne ya sake riga ya shiga cikin sabo. Wani abin sha'awa kuma, tun da waɗannan kuɗi masu huda ba su da wajen sa hoton sarki, sai suna kawai, an samu anini da ɗari da kwabo na 1936 ɗauke da sunan Sarki Edward na Takwas, wanda ya sauka daga gadon Ingila tun ba a yi bikin naɗa shi ba. A Ingila kanta kuɗinsa ba su shiga kasuwa ba, amma sun yi yawo a kasuwanninmu.

Takardar kuɗi ta sha wuya kafin ta karɓu, kuma mutanen karkara suna da hujja. Gara na cin ta, gobara na cinye ta, ruwan sama na lalata ta, alhali sule ko shekara nawa ya yi a tukunya a ƙarƙashin gado yana nan. Ana ba da labarin cewa da aka buɗe bankin Turawa a Kano a 1929, Alhassan Ɗantata raƙuma ashirin ya kai na sulallan azurfa. Idan babban attajirin Kano a ƙarfe yake ajiya, ina ga mai gona a Zandam? Darajar kwabo kuwa, sunan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a Janairu 1939 ya isa shaida, domin kwabo guda ake sayar da ita.

Babban Bankin Nijeriya ya fara aiki ranar 1 ga Yuli, 1959, ya fitar da kuɗin ƙasa na farko, ana saura shekara guda da 'yan watanni a sami mulkin kai ranar 1 ga Oktoba, 1960. Har yanzu fam da sule ne, kuma kan Sarauniya Elizabeth na jikin sulallan. Abin lura shi ne bayansu: taro auduga, sisi koko, sule kwakwar manja, dala kuma gyaɗa. Ƙasar ta zana abin da take ci da shi. Da ta zama jamhuriya a 1963 aka sake takardun a 1965 don su ɗauki sabon suna.

Sai naira a 1973, zamanin Janar Yakubu Gowon, sunan da aka ce Cif Obafemi Awolowo ne ya yanko shi daga sunan ƙasar. Fam guda ya zama naira biyu, sule ya zama kwabo goma. A nan ne aka rikita tsofaffi, domin jiya sule kwabo goma sha biyu ne, yau an ce goma. Sai mutane suka yi abin da suka saba, suka ɗora tsoffin sunaye a kan sababbin kuɗi. Kwabo biyar ya zama sisi, kwabo goma sule, kwabo ashirin da biyar sule biyu da sisi, naira sule goma, naira goma fam biyar, naira 200 jaka guda. Don haka dattijon da ke cikin labarinka na 1978, a kasuwar Sara, ba zai ce an taya sansa naira ɗari huɗu ba. Jaka biyu zai ce. Ɗansa ɗan makarantar Gwamnati ta Birnin Kudu shi ne zai ce naira. Wannan ɗan bambanci kaɗai ya nuna wa mai karatu tazarar da ke tsakanin uba da ɗa, ba sai ka yi dogon bayani ba. A sabon kwabon na 1973 kuma rijiyar mai aka zana, gyaɗa ta koma kan kwabo ashirin da biyar. Harajin da ya kori wuri shi ma ya zo ƙarshe a nan yankin a 1979, lokacin da Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a tsohuwar Jihar Kano, wadda muke cikinta har ranar 27 ga Agusta, 1991 da aka ƙirƙiro Jigawa.

Fuskokin da ke kan takardun ba sai na daɗe a kansu ba, suna aljihunku. Janar Murtala Muhammad ne ɗan ƙasa na farko da aka sa, a kan naira 20 ta Fabrairu 1977, shekara guda bayan kashe shi, har takardar ta ci sunansa. A 1979 aka sa Herbert Macaulay a naira ɗaya, Abubakar Tafawa Ɓalewa a biyar, Alvan Ikoku a goma. Naira 50, 'yar wazobiya, 1991. Naira 100 mai Awolowo 1999, naira 200 mai Sardauna Ahmadu Bello 2000, naira 500 mai Azikiwe 2001, naira 1,000 mai Aliyu Mai-Bornu da Clement Isong 2005. Ku riƙe waɗannan shekaru, domin ɓarawon da ya saci bandir ɗin 'yan dubu-dubu a labarin 1995 ya saci abin da babu. Mace guda da aka sa da sunanta ita ce Ladi Kwali maginiyar tukwane, a bayan naira 20, tun 2007.

Abin da ya fi shafarmu mu masu alƙalami shi ne ajami. Rubutun da ke jikin naira 200 da 500 da 1,000, wanda wasu ke kira Larabci, Hausa ce tsantsa: naira ɗari biyu, naira ɗari biyar, naira dubu. An sa shi ne tun zamanin Turawa saboda miliyoyin mutanen da allo ya koya wa karatu. A Fabrairu 2007 aka cire shi daga naira 5 da 10 da 20 da 50, aka maye gurbinsa da Hausa da Yarabanci da Ibo cikin boko. A 2014 aka cire shi daga sabuwar naira 100 ta cikar shekara ɗari da haɗe Kudu da Arewa. Har kotu an je a Legas a 2020 ana neman a goge sauran. Ni dai ina ganin sa Yarabanci da Ibo daidai ne, ƙasar ta kowa ce. Amma cire ajami bai ƙara wa kowa komai ba, ya dai rage wa tsohon da ba ya karanta boko. Mu ma da muke jin haushi, mu nawa ne za mu iya rubuta shafi guda da ajami?

Sau uku aka yi canjin kuɗi na gaggawa a ƙasar nan. Na Janairu 1968 don a kashe takardun da ke hannun Biyafara ne ana tsakiyar yaƙin basasa. Na Afrilu 1984, zamanin Janar Muhammadu Buhari, launin takardun aka sauya, aka rufe iyakoki, aka ba mutane abin da bai kai mako biyu ba. Na uku kowa ya gani da idonsa. Ranar 26 ga Oktoba, 2022 Babban Banki ya ce zai sake fasalin 200 da 500 da 1,000, wa'adi 31 ga Janairu, 2023, daga baya aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Aka kwashe tsofaffi, sababbi ba su wadata ba. Sai da jihohin Kaduna da Kogi da Zamfara suka kai ƙara, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris cewa tsofaffin su ci gaba da aiki.

A duka ukun dalilin daga sama yake: 'yan tawaye, masu fasa-ƙwauri, masu ɓoye kuɗi, masu sayen ƙuri'a. Amma wanda ya fi jin jiki shi ne na nesa da banki. Mai kuɗin birni yana da wanda zai kira. Bafulatanar da ta ƙulle kuɗin nononta a bakin zane, da manomin da ya sayar da riɗinsa da kaka ya adana kuɗin don taki, su ne suka yi sammako zuwa layi a Birnin Kudu ko Dutse, wasu ba su ma da asusun da za a zuba musu. A watannin nan na 2023 an ga mai akuya ya karyar da ita ga duk wanda ke da tsaba a hannu, an ga ana sayen naira da naira a wajen masu POS, an ga an koma ba ni gero in ba ka manja kamar kafin zamanin Sharefa. Ga waya a hannu, ga sabis babu. Har yanzu ban ga wannan lokaci ya sami rabonsa a rubutunmu ba, alhali duk abin da labari ke so yana ciki: mai haƙuri a asibiti, biki da aka sa rana, bashi da ya zo wuya.

Ita darajar nairar kuma sai a yi hattara da ita wajen saka farashi. A 1980 naira ta fi dalar Amurka. Daga Satumba 1986, da gwamnatin Janar Babangida ta sake ta ga kasuwa, ta fara gangara, har a farkon 2024 dala guda ta haura naira 1,500. Sulallan da aka fitar a 2007, kwabo hamsin da naira ɗaya da naira biyu, ko almajiri ba ya karɓa. Yaron da aka haifa bayan 2000 zai ce ba shi da ko sisi, ko anini, ko ƙwandala, bai kuwa taɓa riƙe ɗaya daga cikinsu ba.

Wanda labarinsa zai tsallaka iyaka kuma ya san sunayen ɗaya ne amma lissafin ya bambanta. A Nijar, inda ake kashe sefa tun 1945, tamma ita ce faran guda, dala faran biyar, jika kuma faran dubu, kuma da dala suke ƙirga. Idan Badamagare ya ce maka dala ashirin, sefa ɗari yake nufi. A kasuwar Maigatari ranar Alhamis, dillalin Gumel da mai raƙumi daga Damagaram za su iya cewa jaka goma su duka biyun, ɗaya yana nufin naira dubu biyu, ɗaya sefa dubu goma.